Sai da digiri ake zama mai tsara koyarwa? Tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tun bayan korona mutane suka taso ni gaba da tambaya kan wannan aikin namu na tsara koyarwa, wato abin da Turawa ke ce wa instirakshonal dizain, kuma duk inda tambayar ta zaga sai ta dawo kan takarda: sai na yi mastas? NCE ɗina za ta wadatar? Yawancin masu tambayar malaman makaranta ne da alli ya gundura, sai 'yan bautar ƙasa, sai ma'aikatan lafiya jefi-jefi. Ni ma daga aji na fito, sakandare na koyar kafin in shigo harkar, toh ku riƙe wannan a ranku, ra'ayina na wanda ya biyo ta wannan hanyar ne.

Wai shi aikin ma mene ne? Ba koyarwa ba ce kawai aka canza mata suna?

A'a. Malami yana tsaye gaban ɗalibai, in ya ga ido ya yi zuru-zuru sai ya sake bayani. Mai tsara koyarwa yawanci ba ya ɗakin ma lokacin da ake koyon, shi ya gina abin ne ya miƙa, ko kwas a waya, ko littafin horo da wani zai koyar da shi, ko bidiyo, ko ma takarda ɗaya da za a manna a bango. Misali kamfani yana da wakilan POS da yawa kuma kullum ana damfararsu da alat na bogi, sai manaja ya ce a haɗa musu kwas. Aikinka na farko ba buɗe kwamfuta ba ne, zuwa za ka yi ka zauna a rumfar wakili ka ga yadda abin ke faruwa, ƙila ka tarar sun san ya kamata su duba balans kafin su miƙa kuɗi, layi ne ya yi tsawo kuma netwok ke ɓata musu lokaci shi ya sa suke yarda da hoton da kwastoma ya nuna. Kaga wannan ba rashin sani ba ne, ko kwas goma ka yi musu ba zai gyara ba. Wanda ya iya aikin shi ne zai iya komawa ya ce wa manaja ranka ya daɗe matsalar nan ba ta horo ba ce, ko kuma rabinta ce kawai ta horo.

Toh kai tsaye, sai da digiri a fannin?

Ba sai da shi ba. Babu wata hukuma da ke ba da lasisin wannan aikin kamar yadda likita ko lauya ko injiniya ke buƙata, ba a Amurka ba inda aikin ya samo asali, ba kuma a Najeriya ba. Ko TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, rajistar malaman aji take yi, ba ta shafi wanda ke haɗa wa banki kwas ba. Shigowa ta bayan gida ta yi yawa a harkar har wata ƙwararriya Ba'amurkiya, Cammy Bean, ta rubuta littafi a 2014 mai suna The Accidental Instructional Designer, ma'ana wanda ya tsinci kansa cikin aikin ba da shiri ba, don haka da yawa suka fara: kai ne ka fi kowa iya PowerPoint a ofis, ko kai ne ka fi iya yi wa sababbin ma'aikata bayani, ranar nan sai oga ya ce daga yau horo a hannunka yake.

Amma fa a rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa, takarda daban ilimin daban. Takardar za ka iya tsallake ta a wurare da yawa. Ilimin kuwa ba ka da hanyar tsallake shi, in ba ka samo shi a jami'a ba dole ka samo shi da kanka, kuma nan ne mutane da yawa ke zamewa.

Amma ni duk tallan aikin da na gani sai na ga an rubuta mastas

Duba waye ya saka tallan. Ƙofofin ba iri ɗaya ba ne. Jami'o'i, musamman na Amurka da Kanada, suna ɗaukar masu tsara koyarwa su zauna da furofesoshi su mayar da darussansu na intanet, kuma a nan mastas kusan dole ne, wani lokaci ma ba don aikin ya fi wuya ba, don dai furofesa ba zai saurari gyara daga wanda yake ganin bai kai shi zama a aji ba, kun dai san halin abin. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ma a bayaninta ta nuna masu kula da manhajar karatu a makarantu yawanci mastas ake nema a wurinsu, su kuwa jami'an horar da ma'aikata a kamfanoni digirin farko ne. Gwamnati a ko'ina takarda take bi saboda da ita ake yanke matakin albashi. Ƙungiyoyin agaji na waje su ma suna son ganin digiri, amma sau da yawa za ka ga sun rubuta cewa ƙwarewar aiki na iya maye gurbin mastas ɗin.

Kamfanoni masu zaman kansu da masu ba da kwangila su ne suka fi sassauci. Su abin da suke so su gani shi ne me ka taɓa ginawa. Kuma ka dinga karanta tallan da kyau, akwai bambanci tsakanin abin da aka ce dole ne da abin da aka ce an fi so, mutanenmu da yawa suna ganin kalmar mastas sai su rufe shafin alhali a layin an fi so take.

Su waɗanda suka kafa fannin me suka karanta?

Wannan tambayar tana ba ni dariya saboda kowane ɓangare na jayayyar yana kafa hujja da ita. Aikin ya taso ne lokacin yaƙin duniya na biyu da sojan Amurka suka buƙaci horar da ɗimbin mutane cikin gaggawa kan jirage da makamai da na'urori, sai aka kwaso masana halayyar ɗan'adam aka ce su nemo hanya. Robert Gagné yana cikinsu, da sojan sama ya yi aiki, daga baya a 1965 ya fitar da littafinsa kan sharuɗɗan koyo, shi ne mai matakan nan tara na gabatar da darasi da har yau ake haddacewa. Skinner ya kawo koyarwa daki-daki a shekarun 1950. Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago da abokan aikinsa suka fitar da matakan fahimta a 1956, wanda duk wanda ya yi NCE ya sha shi. Robert Mager a 1962 ya koya wa duniya yadda ake rubuta manufar darasi. Shi kansa ADDIE, tsarin nan mai hawa biyar na bincike, tsarawa, ginawa, gabatarwa da aunawa, daga aikin da Jami'ar Jihar Fulorida ta yi wa sojan Amurka a 1975 ya fito.

Toh masu cewa ba a buƙatar digiri sai su ce kun gani, babu ɗayansu da ya karanta tsara koyarwa. Gaskiya ne, lokacin babu kwas ɗin ma. Sai dai su duka daktoci ne da suka ƙare rayuwarsu a bincike, ba wai a YouTube suka tsinta ba. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne sunan digirin bai dame su ba, sanin yadda mutum ke koyo da yadda yake mantawa shi ne jarinsu.

Idan na koya da kaina me zan rasa wanda ɗan jami'a ya samu?

Nan zan ɗan daɗe don nan ne gizo ke saƙar. Babban abin da na lura da shi a wurin waɗanda suka koya da kansu, har da ni a farko, shi ne muna fara wa daga manhaja. Ka koyi Storyline, manhajar gina kwas a kwamfuta, ka iya sa maɓalli ya yi tsalle, hoto ya shigo ta gefe, sai ka ɗauka ka gama. Abin da kake fitarwa littafi ne kawai aka yanka shafi-shafi aka sa masa maɓallin gaba, a ƙarshe tambaya goma, kowa ya danna ya danna ya karɓi satifiket ya koma yana aikinsa yadda ya saba.

Na biyu, ba ka da abin tace ƙarya. Harkar horo cike take da tatsuniyoyi masu kama da kimiyya. Akwai zanen dalar nan, mai faɗi a ƙasa da tsini a sama, da ke cewa wai mutum yana tuna kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 20 na abin da ya ji, har zuwa kashi 90 na abin da ya aikata, ana jingina shi ga Edgar Dale. Dale ya zana dalarsa a 1946 amma babu lamba ko ɗaya a jikinta, daga baya wasu suka liƙa. Na taɓa saka wannan zanen a gaban mutane da cikakken ƙarfin gwiwa, wata baiwar Allah da ta yi mastas a fannin ta ja ni gefe bayan an tashi ta ce malam ina ka samo lambobin nan, wallahi ranar na ji kunya ba kaɗan ba. Haka maganar cewa kowa da salon koyonsa, wani da ido wani da kunne wani da hannu, sai a tsara wa kowa nasa. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku suka bi binciken da aka yi a kai suka ce babu gamsasshiyar hujja cewa daidaita koyarwa da salon mutum na ƙara masa fahimta. Har yau ana koyar da abin a tarukan bita kamar wahayi.

Abin da ke da hujja kuma sai ka ga ba a san shi ba. John Sweller a 1988 ya yi bayanin cewa ƙwaƙwalwar da muke aiki da ita nan take ƙarama ce, in ka loda mata kaya da yawa lokaci ɗaya babu abin da zai shige. Richard Mayer ya yi gwaje-gwaje da yawa kan haɗa hoto da magana, cikin abin da ya samu akwai cewa in kana nuna zane kana bayani da murya, sannan ka sake rubuta duk maganar a allon, ka rage fahimta ne ba ka ƙara ba, kuma kiɗa da adon da bai shafi darasi ba cikas ne. Ebbinghaus tun 1885 ya auna yadda mantuwa ke cin abin da aka koya cikin sauri in ba a waiwaye shi ba. Wannan na ƙarshen ma mu bai kamata ya zama mana baƙo ba, duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san ba a wanke allo sai an biya wa malam ya gamsu, kuma ya san hadda ba ta zama sai da tilawa, yau a koma baya gobe a koma baya. Bloom sai a 1968 ya rubuta nasa bayanin kan kar a wuce darasi sai an ƙware. Amma da mun zo haɗa kwas sai mu manta da duk wannan mu tara mutane kwana uku a otal mu zuba musu silaid ɗari biyu mu sallame su da kuɗin mota.

Na uku shi ne mai gyara. A jami'a mai kyau akwai wanda zai karɓi aikinka ya yayyaga shi ya ce sake. Wanda ke koyo shi kaɗai a ɗaki babu mai ce masa wannan bai yi ba, 'yan'uwa da abokai kuwa kullum masha Allah za su ce. Duk abubuwan nan uku ana iya samunsu ba tare da jami'a ba, amma sai ka nema da gangan.

Ni malama ce shekara goma ina koyarwa, ba shikenan ba?

Malama kin riga mutane da yawa nisa, amma ba shikenan ba. Kin san rubuta manufa, kin san jera darasi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kin san idon wanda bai gane ba, wannan ba a saya a kasuwa. Abin da zai ba ki mamaki shi ne manya ba yara ba ne, ma'aikacin banki mai shekara arba'in ba jarabawa yake jira ba, so yake ya san me abin nan zai rage masa na wahala ranar Litinin, in bai gani ba a minti biyun farko kin rasa shi. Sannan a aji ke ce masaniyar darasin, a nan kuwa yau aikinki kan tsaron masana'anta gobe kan dokar haraji, ba ki san ko ɗaya ba, dole ki zauna da masanin fannin ki tatso abin da ke kansa, shi kuma gani yake komai da ya sani dole a saka. Iya ce wa injiniya mai shekara ashirin a aiki wannan sakin layin ba zai shiga ba, ba tare da an ɓata ba, rabin aikin kenan.

Sai ma'auni. A makaranta maki ne. A kamfani Donald Kirkpatrick tun 1959 ya kawo hawa huɗu da har yanzu ake amfani da su: sun ji daɗin horon, sun koyi wani abu, sun canza yadda suke aiki, sannan kamfanin ya ga sakamako. Yawancin horo a hawa na ɗaya yake tsayawa, takardar nan da ake rabawa a ƙarshe kowa ya ce abinci ya yi daɗi. Wanda ya iya magana kan hawa na uku da na huɗu a intabiyu, ba a cika tsayawa tambayarsa me ya karanta ba.

Ki kuma gyara CV ɗinki, kar ki rubuta na koyar da aji uku, rubuta abin da kika tsara, mutum nawa, me ya canza.

NCE gare ni, ko HND, ko ma sakandare kawai. Akwai fata?

Ba zan yi maka daɗin baki ba. Maganar ba sai da digiri ba da ake yi a Amurka yawanci ana nufin ba sai da digiri a wannan fannin ba, mafi yawan masu faɗin haka suna da digirin farko a wani abu, Turanci ko tarihi ko aikin jarida. A Najeriya kuma ka san yadda muke da takarda, manyan kamfanoni da bankuna da ma'aikatu tun a matakin tace takardu za su nemi digiri ko HND da shaidar bautar ƙasa, mutum bai ma ga aikinka ba an cire ka. Mai HND yana da hanya duk da bambancin da ake nuna musu. Mai NCE ilimin koyarwarsa ya fi na mai digirin kimiyya da yawa amma ƙofar farko za ta yi masa nauyi, shawarata ya fara da ƙananan kwangiloli da makarantu masu zaman kansu da ƙananan ƙungiyoyi, yana yi yana cike digirin a hankali, NOUN, wato jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, ko karatun hutu na jami'o'i duk hanya ce. Mai sakandare kawai, hanyar da na ga tana ɓullewa ita ce ta hannu, ya ƙware a haɗa bidiyo ko zane ko gina kwas a manhaja ya shiga tawaga a matsayin mai ginawa, daga nan ya koyi tsarawa.

Kowa sai ya ce fotfoliyo, wato tarin samfurin ayyukan da mutum ya yi. Me zan saka a ciki alhali ban taɓa aikin ba?

Gani ya kori ji, shi ya sa ake nace wa. Aiki biyu ko uku masu kyau sun isa, ba goma ba. Kuma dan Allah kar ka yi kwas kan yadda ake dafa shayi ko yadda ake wanke hannu, masu ɗaukar aiki sun gaji da ganinsu. Nemo matsala ta gaske kusa da kai. Ga misali, ma'aikatan rigakafi a ƙaramin asibiti: yawancin alluran ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 na sanyi, kuma a jikin kwalbar akwai 'yar alama, murabba'i a cikin da'ira, in murabba'in ya yi duhu ya kai launin da'irar ko ya fi ta, kwalbar ta tashi aiki. Maimakon ka rubuta manufa irin ta su fahimci muhimmancin sanyi, wadda ba wanda zai iya aunawa, sai ka bi Mager: in aka ba ma'aikaciya hoton kwalabe goma za ta ware waɗanda za a zubar ba tare da kuskure ba. Ka ga akwai aiki, akwai yanayi, akwai ma'auni. Sai ka gina mata labari, an ɗauke wuta tun dare, ga mata sun cika benci da jarirai, ga kwalba a hannunki, me za ki yi? Ta zaɓa ta ga abin da zaɓinta ya haifar. Wannan salon na fara wa daga abin da mutum zai aikata ba abin da zai sani ba, Cathy Moore ce ta yaɗa shi tun 2008, kuma in abu ɗaya za ka koya a watan farko toh shi ne.

Kowane aiki ka rubuta ɗan bayani a gefensa, mece ce matsalar, wa ka tambaya, me ka yanke ka bari kuma don me. Wannan bayanin ya fi kwas ɗin kansa nuna ko kana tunani. In kana iya yin sa da Hausa da Turanci duka ka nuna, ƙungiyoyin da ke horar da ma'aikatan sa-kai a Arewa suna fama da kayan horon da aka fassara kalma-kalma ba wanda ke ganewa. Abu ɗaya, kar ka ɗauko kayan tsohon wurin aikinka ka baza ba izini.

Wace manhaja zan koya, kuma nawa ce?

A tallan kamfanoni Articulate ce ta fi fitowa, wato Storyline da Rise, sai Adobe Captivate, sai Camtasia don bidiyo. Articulate tsada gare ta, sama da dala dubu a shekara, ka lissafa da canjin yau ka ji. Suna ba da gwajin wata guda kyauta, toh kar ka buɗe sai ka gama tsara komai a takarda, rubutu da hotuna da tambayoyi duk suna hannu, sai ka buɗe ka gina cikin kwana talatin ɗin. Storyline a Windows kawai take aiki. Na kyauta akwai H5P, akwai Moodle, dandalin ɗora kwasa-kwasai a intanet, wanda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002 kuma jami'o'i da yawa ke amfani da shi, akwai Audacity don murya da OBS don ɗaukar allo. Ka san me ake nufi da SCORM, ƙa'idar da ke sa kwas ya yi magana da dandalin koyo ya gaya masa wane ya gama wane bai gama ba, za a tambaye ka. Amma ka tuna mutanenmu a waya suke, data tsada, wani lokaci saƙon murya na minti uku a WhatsApp da hoto ɗaya ya fi kwas mai nauyi da ba zai buɗe ba.

Satifiket fa? Da kwasa-kwasan gaggawa da ake tallatawa?

Kashi biyu ne. Akwai na ATD, ƙungiyar masu horar da ma'aikata ta Amurka, wadda kafin 2014 ake kira ASTD, suna da APTD da CPTD, amma ba na sabon shiga ba ne, na farkon sai kana da shekara uku a aiki na biyun shekara biyar, ga jarabawa ga kuɗi da dala. A gida masu harkar horar da ma'aikata suna shiga NITAD, ƙungiyar masu horo, ko CIPM, ta masu kula da ma'aikata, yana taimakawa wajen sanin mutane da kuma ƙofar ma'aikatu. Na dandalin kwasa-kwasan intanet irin Coursera da makamantansu suna da amfani don karatun da ke ciki, takardar kanta ba ta cika ɗaga wa kowa gira ba.

Su kuwa kwasa-kwasan gaggawa masu cewa cikin wata uku za ka bar aji ka fara karɓar dala, a yi hattara. Sun yawaita bayan 2020 lokacin da malamai da yawa a Amurka suka riƙa barin koyarwa, wasu na da kyau, wasu kuwa fotfoliyo iri ɗaya suke buga wa kowa kamar bulo, mai ɗaukar aiki yana gani ya san daga inda ya fito. Kafin ka biya tambayi abu uku: waye zai duba aikina ya gyara, shi mai koyarwar ya taɓa yin aikin a wani wuri ko sayar da kwas ne kawai sana'arsa, kuma a haɗa ni da wanda ya gama bara in ji daga bakinsa.

Toh wa ya kamata ya yi mastas ɗin, kuma a ina?

Wanda ke son aiki a jami'a ko cibiyar karatu daga nesa, wanda ke son bincike ko koyar da fannin, wanda ke gwamnati takardar za ta ɗaga masa mataki, da wanda ya san kansa in ba an sa masa ranar miƙa aiki ba ba zai karanta ba, wannan na ƙarshen ba abin kunya ba ne. A Amurka Jami'ar Jihar Fulorida da ta Indiyana su ne tsofaffin gidajen fannin, Purdue da Boise State suna da na intanet. A Najeriya da sunan fasahar ilimi za ka same shi, Jami'ar Ilorin da ta Fasaha ta Minna suna da sashe guda a kai, a ABU Zariya ma ana yin fasahar koyarwa a tsangayar ilimi. Kuma aikin ba sabo ba ne a nan, NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, tun 1976 take rubuta darussan koyo daga nesa wa malamai, littattafan NOUN ma in ka duba yadda aka yanka su kashi-kashi da manufa a sama da tambayar gwada kai a ƙasa, tsara koyarwa ce zalla.

Kafin ka cike fom nemi jerin kwasa-kwasan ka gani, ka tambayi ɗaliban da ke ciki ko suna gina wani abu da hannunsu ko tarihin majigi kawai ake karanta musu. Ka kuma saka yajin aikin malaman jami'a a lissafi, na 2022 wata takwas ya ci. Ni da za a mayar da ni baya, aiki zan fara yi shekara biyu tukuna sannan in shiga, don wanda ya riga ya sha wuya a hannun masanin fanni shi ke gane abin da malamin ke nufi.

Ina son aikin waje daga gida, ko in fita gaba ɗaya

Kwangila daga gida ba ruwanta da takarda sosai, fotfoliyo ne da Turanci mai kyau a rubuce da wuta da intanet da ba za su ba ka kunya ranar miƙa aiki ba. Sai dai ka sani yawancin aikin da aka rubuta daga gida a tallan Amurka, daga gida a cikin Amurka suke nufi saboda haraji da dokar aiki, ka karanta ƙasan tallan kafin ka ɓata dare kana cikewa. Fita kuwa nan takarda ke dawowa da ƙarfinta, bizar aiki ta H-1B digirin farko ko kwatankwacinsa take nema, ƙasashe masu tsarin maki irin Kanada ma karatu na cikin abin da suke ƙirgawa.

Da zuwan su ChatGPT aikin ma zai rage?

Ɓangaren da ya fi sauƙi shi ya fara tafiya, rubuta tambayoyin zaɓi, taƙaita dogon rubutu, muryar karanta darasi, wannan duk na'ura na yi cikin minti. Wanda dama iya abin da ya iya kenan yana cikin matsala ko da mastas ko babu. Zama a rumfar mai POS a gano layi ne matsalar ba jahilci ba, wannan har yanzu sai mutum. Kuma na'urar in ka tambaye ta wani lokaci za ta kawo maka salon koyo da dalar lambobin nan da fara'arta, in ba ka sani ba sai ka kwafa.

Wata nawa zai ɗauke ni in na fara yau?

Ya danganta da inda ka taso da awa nawa kake da su bayan aiki, ba zan ba ka lamba in yi maka ƙarya ba. Malamin da ya riga ya san Bloom da rubuta manufa ya fi wanda ya taso daga zane sauri a ɓangaren tsari, shi kuma mai zanen ya fi shi sauri a manhaja. Abin da nake ce wa masu zuwa wurina shi ne wata na farko karatu kawai, Mager da Mayer da Cathy Moore, da littafin Julie Dirksen kan yadda mutane ke koyo, ba a taɓa manhaja ba. Wata na biyu a nemo matsala ta gaske a asibitin unguwa ko makarantar Islamiyya ko shagon wani, a yi hira da mutum biyar da abin ya shafa, a tsara a takarda. Sai a na uku a buɗe gwajin Articulate a gina, a ba mutum uku cikin biyar ɗin nan su gwada kana zaune a gefe bakinka a rufe, kana rubuta duk inda suka tsaya suna neman maɓalli.